Malam Ya'u da Motar da Ta Mai da Alhaji Zailani Gida

Kafin ’yan albasa su gama sauke kaya a kasuwar Ogbete, Malam Ya'u ya riga ya share gaban rumfarsa. Daga sallar asuba can yake wucewa, ya tsaya wajen mai shayi ya bi kowa da gaisuwa har a gaji da amsa masa, sannan ya shimfiɗa buhu ya jera sifana daga ƙarama zuwa babba. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka a nan Inugu. Rumfar kwano ce a bayan layin masu doya, ba allo ba suna. A ƙarshen watan nan zai rufe ta, domin kunnensa ya yi nauyi, shi kuwa da kunne yake aiki. Shi ya sa na ga bai kamata mu bar shi ya tafi shiru ba.

Duk wanda ya taɓa kai masa mota ya san ƙwarewarsa, ya kuma sha haushinsa. Ba ya taɓa ƙarfe sai ya yi maka tambayoyi kamar alƙali. Wa ya taɓa ta a ƙarshe? A ina take kwana? Me ta fara yi kafin ta kai haka? Gwanintarsa tana wajen tsofaffin motocin alfarma ƙirar Jamus, masu kafireta da tiyo-tiyo a nannaɗe kamar hanjin kaza, waɗanda kanikawan zamani ke leƙawa su rufe bonet su ba ka haƙuri. Daga Anacha ana jawo masa su. Wani falken shanu daga Fatakwal ya rantse mini an yanke masa hukuncin sayen sabon inji, Malam Ya'u ya canza ɗan tiyo mai tsawon yatsa, motar ta koma Fatakwal da ƙafarta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a daminar bara, a kan idona, kuma ban fito daga cikinsa da farin jini ba.

Alhaji Zailani, dattijon ’yan hatsi na Ogbete kuma maƙwabcina, ya kwanta ciwo. Likita ya gaya wa iyalinsa gaskiya, ya ce kwanaki ake magana, ba makonni ba. Buri ɗaya ya rage wa Alhaji: a mai da shi garinsu a ƙasar Gumel ya ga yayarsa Kubura, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shekara goma sha ɗaya rabonsa da ita. Ba zai iya zaman bas ba, ya kuma kafe cewa a tsohuwar motarsa za a kai shi, mai faffaɗar kujerar baya da mutum ke iya miƙewa a kai. Motar kuwa ta yi wata takwas ajiye a sito.

Babban ɗansa Hafizu ya fito da ita, ta tashi tana karkarwa tana mutuwa. Wani bakanike a bakin titi ya taɓa ta, cikin rabin awa ta daina mutuwa, aka tsayar da tafiya safiyar Alhamis. Da aka gaya wa Alhaji, sai ya ɗaga yatsa da ƙyar ya ce, “A kai wa Ya'u ya saurara.” Don a faranta masa kawai muka je ni da Hafizu, kaya na cikin but ɗin motar, ana jiran mu a gida.

Malam Ya'u ya sa aka tayar da ita, ya ɗora tafin hannunsa a jikin inji ya daɗe. Ya shiga ya taka birki, ya sake takawa, ya fito.

“Hafizu, a ina take kwana?”

“A sito, Baba Ya'u.”

“Tare da buhunan wake da masara?”

“E mana, ai nan ne babu ruwan sama.”

Ya girgiza kai, ya kashe motar, ya sa makullin a aljihun gaba. “Yau ba za ta tafi ba.”

Hafizu ya tsaya kamar an zuba masa ruwan sanyi. “Haba Baba, ai tana tashi normal! An gyara ta jiya-jiyan nan.”

“An rufe mata baki dai, ɗana. Iska take sha ta inda bai kamata ba, shi ya sa take mutuwa. Wanda ya taɓa ta bai nemi ramin ba, sai ya murɗa taimin ya ƙara mata wuta don ta daina ƙorafi. A kan hawa za ta yi zafi, a gangare kuma birki zai yi tauri kamar dutse.”

Ni malamin Islamiyya ne, ban san komai a inji ba, amma zuciya ina da ita. Na ɗaga murya har masu doya suka juyo. Na ce, “Malam Ya'u, ka ji tsoron Allah! In Alhaji ya cika a garin nan saboda taurin kanka, me za ka ce wa Ubangiji?”

Bai yi fushi ba. Ya dube ni ya ce, “In kuma suka cika su biyar a cikin motar a gangaren Nain Mayil, Malam, me zan ce masa?”

Ya bar injin ya huce, ya toshe bakin kafireta da tsumma. Ya ɗauko wani gwangwanin madara mai huda biyu, kowace da ɗan tiyo a jiki, ya kunna turaren tsinke ya jefa ciki. Ya haɗa tiyo ɗaya da injin, ya sa ɗayan a baki yana hurawa a hankali. Chibuzo, mai sayar da kayan gyara a shagon da ke kusa, ya shekara ashirin yana ganin wannan, amma sai da ya tsokane shi da turancin buroka, wai ya fara tsafinsa. “Malam, you don start your juju?” Shi kuma ya cire tiyon daga baki ya ce, “No be juju, na smoke, hayaƙi ne kawai. Zo ka riƙe mini tocilan.”

Can sai ga hayaƙi siriri yana fitowa ta bayan inji, ƙasa-ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ya zura hannu ya zaro babban tiyon da inji ke zuƙar iska ta cikinsa don taimakon birki. Ɓerayen sito sun gwaguye shi ta ƙasa, saura ƙiris ya rabu biyu. Hafizu ya juya shi a hannu, ya zauna a kan taya.

Irin tiyon mai kauri babu shi a Inugu ranar. Wani ya kawo shawarar a naɗe tsohon da roba, Malam Ya'u ya yi kamar da bango ake. Chibuzo ya buga wa ɗan'uwansa a Anacha, aka samo tiyon aka ba direban bas, muka yi zaman jira. Sau uku ana kiran Hafizu daga gida ana cewa numfashin Alhaji ya canza. Na tuna yadda nake kallon Malam Ya'u a lokacin, kuma ina jin kunyar tunawa.

Tiyon ya iso bayan la'asar. Ya ɗaura shi, ya sake hura hayaƙi, bai fita ta ko'ina ba. Sannan ya koma kan taimin, wato daidai lokacin da filogi ke ba da wuta. Ya shafa alli a kan alamar da ke jikin fulin inji, ya haska ta da fitilar taimin, yana juya distiributa kaɗan-kaɗan har alamar ta tsaya a muhallinta. Sai ya ce mini, ni da na gama zaginsa da safe, “Malam, matso. Kunnena ya daina kama ƙananan ƙara. In Hafizu ya taka totur ka ji ƙwas-ƙwas, ka ɗaga hannu.” Aka taka, aka sake takawa. Ban ɗaga hannu ba, sai dai idona ya cika.

Kai ne, Malam Ya'u, mai haƙurin da ba a gode masa sai daga baya. Kai ne ka yarda a kira ka mai taurin kai a tsakiyar kasuwa, ka riƙe makullin nan a aljihu alhali ka fi kowa sanin abin da za a ce da kai in Alhaji ya cika a ranar. Ba wanda zai tuhume ka da ka ce “Allah ya kiyaye hanya” ka sallame mu. Ka zaɓi mai wuyar.

Sun tashi safiyar Juma'a, suka yada zango a Jos, suka shiga gari Asabar da azahar. Alhaji ya yi kwana uku a ɗakin yayarsa, ita take ba shi kunu da hannunta. Ranar Talata ya cika, aka binne shi kusa da mahaifiyarsu. Da na kai wa Malam Ya'u labari ya yi salati, ya yi masa addu'a mai tsawo, ya share fuska. Sannan ya tambaye ni a hankali, “Birkin bai ba su wahala a hanya ba?”

Mun gode, Malam Ya'u. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya da hutu mai albarka. Ku kuma masu sana'a, bakanike ne kai ko tela ko malami irina, in an kawo muku matsala ku nemi inda ramin yake, ku daina toshe wa abu baki don a rabu lafiya, ko da za a ji haushinku.

Saura nawa bashin bakin, Malam Ya'u. Maganar da na faɗa maka ranar Alhamis ɗin nan a gaban jama'a na faɗe ta, don haka a gaban jama'a nake roƙonka: ka yafe mini.