Kwalabe Goma da Hannun Kaka

Ina aji bakwai ciwon ya kama Kaka, mahaifin babanmu. Lokacin tsinkar auduga ne. Ya je hawasha, wato gonarmu ta cikin aikin ban ruwa, ya duƙa zai ɗaga buhu, sai ya zauna a ƙasa kamar wanda ya tuna wani abu. A keken jaki aka fito da shi bakin titi, daga nan sai asibiti a birnin Madani. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama.

Bayan mako uku aka dawo da shi. Ƙafar ta dawo a hankali har yana takawa da sanda, bakin ma ya miƙe. Hannun ne ya ƙi. Yana rataye a gefensa, yatsun a naɗe, in zai zauna sai ya ɗauko shi da na hagu ya ajiye a cinya.

A ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad maza ba sa cin abinci a ɗaki. Kowane gida yakan fitar da siniya, babban faranti mai ɗauke da tuwo da miya, a jera a tabarma ƙarƙashin darbejiyar da ke ƙofar masallaci. Da azumi kuwa har masu wucewa a titi ake tarewa a sha ruwa da su. Tun kafin a haife ni Kaka ne ke fara gutsurar tuwon, sannan sauran su sa hannu. Tunda ya dawo bai sake zuwa wurin ba.

Liman ya zo har gida ya ce masa mai lalura in ya ci da hagu babu laifi a kansa.

Kaka ya ce, "Na sani, Malam. Allah ya yahe min. Ni ne ban yahe ma kaina ba."

Ko a ɗaki bai yarda ya ci da hagu ba. Habboba, kakarmu mace, ita ke shiga da kwano ta saki labule, ta riƙa ba shi a baki. Ina jin su ta bayan katanga. Wata rana na ji ya ce mata, "In azumi ya zo hannun ga bai kai bakina ba, kar wanda ya sake yi min zancen tabarma har in mutu." Saura wata biyar a lokacin. Na lissafa da yatsuna.

Akwai wata likitar gashi, mai aikin motsa gaɓoɓi, a Madani da ake kai shi wurinta sau biyu a wata. Ta ba shi aikin gida: ya tura kofi a kan tebur, ya jawo, ya sake turawa. Kwana biyu ya yi, ya ce shi ba zai zauna yana tura kofi kamar mai tabuwa ba.

Da zafi ya shigo Baffa, ƙanen babanmu, ya zo hutu daga Saudiyya, inda yake tuƙa motar wani asibiti. Cikin tsarabarsa akwai wani farin akwati da ake haɗawa da talabijin, da wasu 'yan sanduna biyu farare, kowace ba ta wuce tsawon tafin hannu da rabi ba. In ka riƙe sandar ka kaɗa hannu a iska, wani ɗan mutum mai ƙaton kai a cikin talabijin shi ma sai ya kaɗa nasa. Baffa ya ce a asibitinsu ya ga tsofaffi masu irin ciwon Kaka suna wasa da shi. Da aka gaya wa likitar gashi ta ce ta ji labari, a gwada, amma a zaune, kaɗan-kaɗan, kuma in kafaɗa ta yi ciwo a tsaya.

Wasan da Baffa ya zaɓa na kwalabe ne. Kwalabe goma a jere a ƙarshen wata doguwar hanya mai santsi, kai kuma ka ja hannu baya ka turo shi gaba, ƙwallo ya gangara ya kayar da su. Mutum biyu ke yi, kowa da layinsa. Yatsun Kaka ba sa riƙo, sai Habboba ta yago gefen tsohon mayafinta shuɗi ta ɗaure masa sandar a tafin hannu. Shi kuma maɓallin da ake dannawa, Baffa ya nuna yadda wani zai danna masa.

Baffa ne ya fara karawa da shi. Ya tsuguna a ƙasa, kansa a sunkuye, yana jefa ƙwallonsa cikin kwatar gefen hanyar da gangan. Babanmu ya karɓa, shi ma haka. Kaka ya kayar da kwalba ɗaya tal, su biyun suka hau cewa, "Ma sha Allah, Baba, ma sha Allah!"

Kaka ya dube su ya ce, "Kwance min abin ga. Hannuna ne ya mutu, ba hankalina ba."

Ba laifinsu ba ne. Ɗa ba ya kayar da ubansa, ko a cikin talabijin. Innarmu kuwa ko ɗakin ba ta iya zama, surukinta ne. A gidan duka mutum ɗaya ce al'ada ta ba damar ta yi gasa da shi, ta tsokane shi, ta yi masa dariya, ita ce jika. Ƙannena biyu ƙanana ne ƙwarai. Sai ni.

Ni kuwa a makaranta ma in malama ta kira ni sai muryata ta maƙale. Kaka kansa ya daɗe yana ja na da wasa ban taɓa ramawa ba. In ya ce, "Ga kurmar gidanmu nan," sai in rufe fuska da mayafi in wuce.

Habboba ce ta tura ni. Ta ce, "Shiga ki kayar da tsohon nan, ke kaɗai ce ba zai iya kora ba."

Ranar farko ni ma cikin kwata na jefa. Kaka bai yi faɗa ba. Ya juyo ya dube ni kawai ya ce, "Har da ke?" Wannan kallon ya hana ni cin abincin rana. Washegari da na dawo daga makaranta ban ko cire kayan makaranta ba na shiga. Na danna masa, ya jefa, ƙwallonsa ya bi gefe. Na tashi na jefa nawa da gaske, kwalabe takwas suka zube. Sai na ji bakina ya ce, "Tsoho, ko ɗaya fa ba ka taɓa ba."

Dariya ta ɓarke a bayan katanga, ashe Inna da Habboba suna saurare. Kaka ya buɗe baki yana kallona.

"La ilaha illallahu! Ashe kurma na magana? Yalla, danna min. Yau sai kin yi kuka."

Ban yi kuka ba. Na cinye shi ranar, na cinye shi washegari, na yi ta cinye shi har Baffa ya koma ya bar mana akwatin.

Bayan la'asar muke yi, in akwai wuta. In an ɗauke, Kaka ya zauna yana zagin masu wutar da Larabci, don ya ce zagi ya fi daɗi da shi. Har yanzu ina tuna ɗakin: talabijin a kan akwatin ƙarfe na Habboba, hasken rana yana shigowa ta ƙaramar taga ya sauka a kan gadon igiya, warin man zafi da ake shafa masa a kafaɗa, da ƙarar kwalaben in sun zube, wadda kajin gidan suka saba da ita har suka daina firgita.

Tunda ba ni da yawan magana, kallo na iya. Ni na fara lura Kaka yana maguɗi. Ba hannun yake turawa ba, jikinsa duka yake karkatawa, hannun ya bi kamar igiya. Wani lokacin kuma ya saƙo na hagu ta ƙarƙashin riga ya ingiza gwiwar hannun.

Na ce, "Na gan ka. Ɓarawon kwalabe."

"Wa kika gani? Kawo shaida."

"Rigarka ce ta motsa."

"Iska ce."

"Iska a ƙarƙashin hammata?"

Da aka je Madani na roƙi babanmu ya gaya wa likitar. Ta ce yarinyar ta yi gaskiya, ya jingina bayansa da bango, ya zauna a kan hannun hagu. Da ya soma yin haka sai kwalabensa suka ragu, ya koma ba ya kayar da ko ɗaya. Kwana huɗu ya yi ba ya kula ni. A na biyar ya aiko ƙanwata ta ce wai in zo in danna masa.

Cikin wata na uku na ga gwiwar hannun ta lanƙwashe da kanta lokacin da ya ja baya. Na ji tsoron kada in faɗa abin ya gudu. Bayan 'yan kwanaki kuma babban yatsansa ya matsa a kan shuɗin ƙyallen, yana lalubar maɓallin. Na janye hannuna a hankali. Ya danna da kansa bai ma sani ba, sai da ƙwallon ya tafi ya dubi yatsan, ya dube ni.

Wasan bai gyara masa komai da komai ba. Kafaɗa da gwiwar hannu ya taimaka wa. Yatsun kuwa likitar ta ce sai ya riƙa tsintar gyaɗa daga kwano zuwa kwano. A da da ya ƙi. Yanzu sai na ɗauko nawa kwanon na ce mu ga wanda zai riga, ya zauna. Yatsu uku suka dawo. Ƙananan biyun suna nan a naɗe har ƙarshen rayuwarsa. Kuma sau ɗaya kawai ya taɓa cinye ni a kwalabe, ranar ina zazzaɓi, ya kuwa shekara yana ba mutane labari.

Azumin ya faɗo cikin damina. Likita ta hana shi ɗauka saboda magunguna, amma shan ruwa a tabarma ba ya buƙatar sai ka yi azumi. Ranar farko bai fita ba. Ta biyu ma haka. Ina ganinsa da yamma yana kai hannu wofi zuwa baki, ya sauke, ya sake kaiwa. Yana isa, amma da rawa.

Ranar tara ga wata, ana dab da kiran salla, ya ce a ba shi farar jallabiyarsa. Ba wanda ya tambaye shi ina za shi. Baba ya ɗauki siniya ya yi gaba, Kaka ya bi shi da sanda yana kauce wa taɓo. Mata ba sa zuwa wurin, don haka na tsaya a bayan ƙofar gidanmu ta langa-langa, inda ƙusa ta fita ta bar huda.

Na ga mazan sun matsa sun ba shi wurinsa. Aka kira salla, aka ci dabino, aka sha ruwa, sannan kowa ya tsaya yana jira. Kaka ya miƙa hannun dama. Ya daɗe kafin ya gutsuro. Ya tsoma a miya, ya ɗago, lomar ta kai ƙirjinsa ta suɓuce ta faɗa a kan farar rigar. Duk suka sunkuyar da kai, irin sunkuyon su Baba a gaban talabijin. Na ciji mayafina. Sai wani tsoho sa'ansa, abokinsa tun suna yara, ya ce da ƙarfi har ina jiyowa, "Kai Alhaji, rigar ma azumi ta yi ne? Ci, yunwa muke ji!"

Kaka ya yi dariya har kafaɗarsa na girgiza. Ya sake gutsura, ƙarama wannan karon, ya sunkuyo da kai ya tare ta a hanya. Ta shiga. Hannuwa suka sauka a siniya.

Na ruga cikin gida in gaya wa Habboba. Na same ta a ɗakin Kaka, a bakin gado, da kwanon da ta saba shiga da shi a cinyarta. Ta riga ta zuba na mutum biyu.

Na ce, "Ya ci, Habboba. Da dama ya ci."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta ce, "Shekara arba'in da wani abu ina gidan ga, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba sai da ya kwanta. Surutu gare shi in yana ci, kin sani?"

Na ce ban sani ba.

Ta matsa ta ba ni wuri a bakin gadon. "Wanko hannunki ki zo. Ba ni iya cinye wannan ni kaɗai."