Daɓen Gam da Taimamar Baba

Shekarar da na yi ritaya na dawo Daura, abu biyu na sa a gaba: in ɗauko Baba daga ƙauyenmu da ke bayan Mai'adua ya zauna a wurina, in kuma raba motata da taɓon damina. Ba zan ɓoye ba, na biyun na fi yi wa shiri.

Baba a lokacin ya haura tamanin. Ciwon suga ya fito masa da gyambo a ƙafafu, fatar hannuwansa ma duk ta tsattsage, har likita ya hana ruwa ya taɓa su. Saboda haka taimama yake yi: ya buga tafukansa a ƙasa, ya shafi fuska da hannuwa, ya yi sallarsa a zaune. Shekara uku ina roƙo kafin ya yarda ya baro gonarsa ya zo kusa da asibiti. Roƙon ma ta bakin mutane na yi shi, don ni ne ɗan farinsa. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya neman komai a hannunsa. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana da magana da ni, matata yake faɗa wa ina tsaye a wurin, ya ce, "Gaya wa mai gidan nan."

Ya zo, na ba shi ɗakin da ke kusa da get. A ƙofar ɗakin yake shimfiɗa buzunsa ya wuni. In lokacin salla ya yi ya miƙa hannu gefen buzun ya bugi ƙasa, ba ruwansa da kowa.

Ni kuwa tun zamanin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu na zama irin mutanen nan da ba a gama zance a gabansu ba su kawo hukunci ba. Na ɗage wando, na tara kaset-kaset na wa'azi, babin tsarki kuma nan na fi ƙarfi. Na san hukuncin kashin kazar da ke kiwo a bola, na san ruwan da ya canza kala. Duk wanda ya zauna kusa da ni a wurin ɗaurin aure sai ya tashi da darasi, ko ya nema ko bai nema ba. Don haka da na tashi gyara hanyar mota daga get zuwa gareji, ban ce wa kowa ado nake so ba. Cewa na yi tsafta ce, tsafta kuma addini ce.

Zaɓen irin daɓen da zan yi ya ci mini wata biyu. Bulon intalok da ake jerawa a ƙasa kowa ya sa a layinmu, har mai sayar da gawayi, kuma ciyawa na tsirowa a tsakaninsa. Daɓen siminti yana tsagewa. Tayil kuwa na ga yadda ya kayar da wani liman a gaban jama'a. Sai na tuna wani daɓe da na gani a gidan wani tsohon abokin aikina a Abuja: ƙananan tsakuwa da aka kwaɓa da gam aka shimfiɗa, sumul, ba gaɓa ko ɗaya. Na nemi lambar mai aikin, na kira shi, ya taso daga Kano da wani katako a hammata wanda aka manna wa samfuri kala-kala.

Mutumin ya iya baki. Ya ɗebo ruwa a buta ya kwarara a kan samfurin, ruwan ya zurare ta ƙasa nan take.

"Ka gani, Alhaji? Ba ya riƙe ruwa. Ba taɓo, ba ƙura, ba ciyawa. In kaza ta ɓata, buta ɗaya ta wanke. Duk Daura kai za ka fara sa shi."

Maganarsa ta ƙarshe ce ta gama da ni, ko da yake ta kazar na riƙa maimaita wa mutane. Na zaɓi mai kalar ƙasa-ƙasa, don in nuna ni ba mai son ƙyale-ƙyale ba ne. Da ya zagaya gidan da tef ɗinsa ya ce ai hanyar mota kaɗai za ta zama kamar sabuwar hula a kan tsohuwar riga, sai na ce a haɗa da tsakar gidan gaba ɗaya, daga bango zuwa bango.

Aikin ya ɗauki kwana tara. Aka kankare ƙasar, aka daddaɓe, aka zuba kankare a ƙasa aka bar shi ya bushe. Sannan suka kawo tsakuwa wankakkiya a buhuna da gam iri biyu a jarkoki. Su haɗa gam ɗin, su juye a injin kwaɓi tare da tsakuwar, su kwaso a baro a guje, don in ya jima yana daskarewa. Mai aikin yana durƙushe da cokalin gini yana lailayewa, yana yi wa kowa tsawa. Ni kuma ina tsaye da carbi ina ba da umarnin da ba wanda ke saurara.

Ranar da masu kankare suka iso ƙofar ɗakin Baba, ya naɗe buzunsa ya koma bakin ƙofa ya tsaya da sanda. Matata ta kawo masa kunu, sai ya ce mata, "Tambayi mai gidan nan, duka za a rufe?"

Ina jinsa. Na ɗauka yabo ne yake zuwa. Na ce, "Gaya wa Baba duka ne. Ko tafin hannu ba za a bari ba." Kalmomin da na faɗa ke nan, har yau ina jin su a kunnena.

Ya ce, "To, madalla," ya shige ɗaki.

Daɓen ya yi kyau, wannan ba gardama. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, wasu har suna cire takalmi. Na riƙa maimaita musu wasan buta kamar ni na ƙirƙiro shi. Damina ta zo, motata ta shiga ta fita ba ɗigon taɓo a tayarta.

Sai Baba ya tsiri fita. Sau biyar a rana ya dogara sandarsa, ya ja ƙafafun nan masu bandeji har wajen get, ya jima kaɗan ya dawo. Da azahar tsakuwar nan ta ɗauki zafi kamar tanda, haka zai taka ta a hankali. Na ce tsufa ne, yana son kallon titi. Da gyambon ya fara ruwa, likita ya yi faɗa, ni ma na dawo gida na yi nawa faɗan, ta bakin matata, cewa Baba ya daina yawo. Har na sa aka riƙa sa wa get sakata.

Matata ce ta tare ni a gareji. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Alhaji, kai da ka san hukuncin kashin kaza, a ina kake so Baba ya yi taimama?"

Na buɗe baki in ce ai tsakuwa dutse ce, dutse kuwa ya halatta. Ta riga ni. Ta ce Baba ya shafa ya ji, ya ce wannan ba dutse yake taɓawa ba, gam ne. Bangon gidan kuma fenti, ɗakinsa tayil. Tsohon nan bakin kwata yake zuwa, gefen titi inda babura ke wucewa, ya nemi busasshen wuri ya durƙusa. Sati shida yana haka. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na huce a kanta, na ce me ya sa ba ta faɗa da wuri ba.

Na samo mafita irin ta masu ilimi. Na sa aka ɗebo rairayi mai laushi, aka tankaɗe, aka zuba a sabon faranti na silba aka kai masa. Na kuma aika masa da bayanin cewa malamai sun halatta. Ya karɓa, ya yi godiya, ya yi taimama da shi kwana huɗu. Rana ta biyar matata ta je ɗauko kwanon abinci, ya dubi farantin ya ce mata, "Shekara saba'in ina noma. Yau ni ake kawo wa ƙasa a faranti kamar tuwo."

Washegari ya ce zai je ya dubo gero. Ya hau motar Mai'adua da buzunsa, bai dawo ba. Na aika ƙanena sau biyu, amsar ɗaya ce: a gaida mai gidan, ya gode, can ma lafiya lau. Can kuwa ba mai wanke masa gyambo sai ranar kasuwa.

Na kira mai aikin na Kano na ce ya zo ya fasa mini wani wuri. Ya ce, "Alhaji, lafiya? Tsagewa ya yi?" Na ce bai tsage ba. Ya ce shi bai taɓa fasa aikinsa da hannunsa ba, in nemi wani. Na samo wani mai gyaran famfo da guduma da kurfi. A ƙofar ɗakin Baba ya sare daɓen, faɗin tabarmar salla, ya fasa kankaren da ke ƙasa har jar ƙasar gidan ta fito. Gefen ya yi kaca-kaca, ba kyan gani. Wani maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko fulawa zan shuka, ya ce shi ma in zai yi nasa zai bar irin wannan wurin.

Da kaina na je ƙauye. Ba matata, ba ƙanena, ba wanda zan bi ta bakinsa. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, an buɗe." Bai dube ni ba. Ya jima yana kallon rumbu, sannan ya sa aka ɗauko masa buzunsa.

Mun iso Daura da la'asar. Ya sauka daga mota, ya taka daɓen nan har ƙofar ɗakinsa, ya tsaya a kan ramin. Ya zauna a hankali, ya buga tafukansa biyu, ƙura ta ɗan tashi ta sauka a kan tsakuwata mai tsada. Matata na tsaye da ruwan sha, amma ba ita ya kalla ba. Ni ya kalla, karo na farko da zan iya tunawa, ya ce, "Ashe akwai ƙasa a gidanka."

Wata bakwai ya yi yana buga wurin nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Ramin yana nan. Duk damina yana tara ruwa, kaji na tona shi, in zan juya mota sai na kauce masa. Bara ɗana na fari ya ce zai turo masu aiki su cike shi, wai yana ɓata gidan. Na ce wa uwarsa ta gaya masa a bar shi.