Ƙazafin da Na Yi wa Fanka

Ni dai firamare ma ban ƙarasa ba, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya haɗiye abinsa, kada ya zo mini da gyara. Da samari nake magana, musamman ku masu rawar kai da sifana a aljihu.

Kafin in lalace, ni mai gyaran wayar mota ne a bakin tashar Makarfi. Ina da rumfa, ina da benci, direbobi na kirana Injiniya, ni kuma ina amsawa ba kunya. Hannuna yana da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani.

Abin ya faro ne da shigowar motocin zamani 'yan Beljiyam. Mu da muka tashi da tsofaffin motoci mun saba da fankar da fambel, wato bel ɗin inji, ke juyawa: ka tada inji ta tashi, ka kashe ta kwanta. Ta zamani kuwa da wuta take aiki, kuma tana da ra'ayi. In inji na da sanyi, ba ta motsi. In kana gudu a titi iska na bugun lagireto, wato tankin ruwan inji, ba ruwanta. Sai ruwa ya ɗauki zafi, allurar da ke nuna zafin inji ta kai tsakiya ko ta ɗan gota, kamar a cunkoson ranar kasuwa, sannan ka ji ta ɗauka, wuuu, ta huce ruwan, ta yi shiru. In ka kunna esi mai sanyaya cikin mota, nan ma takan tashi. Iyakar karatun ke nan. Na san shi sarai, na kuma ɓoye shi.

Wata safiya wani dillalin rake ya tsaya a rumfata a firgice.

"Injiniya, duba mini, fankar nan ba ta juyawa!"

Motar ko ɗumi ba ta yi ba. Da na ce masa lafiyarta ƙalau, da godiya kawai zan samu, godiya kuwa ba ta shiga tukunya. Sai na kama haɓa, na girgiza kai. "Alhaji, Allah ne ya tsare ka. Da ka kai Kudan, da injin nan ya zama kunu." Na ja waya kai tsaye zuwa fankar, abin da muke kira dairek. Ya murɗa makulli, fanka ta ɗauka nan take, ya yi ta sa mini albarka har da iyayena.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Duk mai sabuwar mota sai ya zo a yi masa dairek. Da na ga an sha wannan ba a shaƙe ba, sai na ƙara gaba. In ce fankar ta ƙone, in cire lafiyayya in ɓoye, in ɗaura gajiyayya, lafiyayyar kuma in sayar wa wani. Gajiyayyar fanka tana yawan ƙona fis, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, ni kuma ba na son a dawo mini da ƙorafi, don haka na daina sa fis gaba ɗaya. Ku lura da wannan wurin, nan ne Shaiɗan ya ajiye aiki ya bar mini.

Sai ga Iliya, mutumin Janfalan. Shanun nomansa ya sayar ya sayi motar haya, kuma ita ce duk abin da ya mallaka. Kawu yake ce mini, don ya san ni tun yana rakiyar mahaifinsa kasuwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Kawu, ba abin da take yi fa. Na dai kawo ta ka sa mata ido, ka sa albarka."

Na buɗe bonet. Fankar nan fes, kamar yau aka ƙera ta. Na ce, "Tada." Ya tada. Na nuna da baki. "Ka ga tana juyawa?"

"A'a, Kawu."

"To, gawa aka sayar maka."

Har da salati ya yi. Ya tafi sallar azahar, kafin ya dawo na gama aika-aikata.

Ba a jima ba, ran wata kasuwa, yana hanyar Paki da fasinja da kwandunan tumatir, wayar da na ja ta yi zafi ta kama. Allah ya taimaka mutane suka dire, amma wata baiwar Allah ta ƙone a hannu, motar kuwa sai ƙarfe. Da aka bi sawun wayar, sai ta kawo 'yan sanda rumfata. Suka ɗaga buhunan bayan benci, ga fankoki jere kamar an kawo lefe.

A kotu na so in nuna kamar ban san aikin ba. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai da ake kira Injiniya, yaushe ya kamata fankar irin wannan mota ta tashi?"

Girman kai ya hana ni cewa ban sani ba. Na gyara tsayuwa na ce, "Ranka ya daɗe, sai inji ya yi zafi."

Ya ce, "Ashe ka sani."

Shi ke nan, bakina ya ɗaure ni. Na shiga gidan yari da baƙin gemu na fito da fari. A ɗakin da aka kulle mu akwai wata fanka a sama, duk bazarar da na yi ban ga ta motsa ba. Ita kam da gaske ta mutu, kuma ba wanda ya nemi shawarata.

Abin da ke ƙona mini rai yanzu, na fito na tarar ƙaryata ta yi 'ya'ya da jikoki. Daga Gazara har Ikara, kowane yaro mai rumfa dairek yake ja. Kwanan baya na ga wani zai yanke wayar lafiyayyar mota, na ce, "Kai, bari ta yi zafi tukuna, za ta tashi da kanta." Mai motar ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, ba kai ne ka ƙona motar mutane ba? Matsa." Da ina ƙarya ana layi, yau ina gaskiya ana kora ta.

Na je Janfalan neman gafara. Na sami Iliya a gona yana huɗa da hannu, bayansa ya ranƙwafa. Bai fasa gaishe ni ba, wannan ya fi mari ciwo. Da na gama kame-kamena ya ce, "Na yafe, Kawu. Abu ɗaya dai nake so in ji. Fankar nan tawa ta asali, da gaske gawa ce?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Iliya."

Ya tofa yawu a tafinsa. Sannan ya ɗauki garmarsa ya ci gaba da huɗa. Na tsaya har na gaji, bai ƙara ɗagowa ba.

To, samari, na tuba, kuma Allah ya ga zuciyata. Mai mota, in ka ga fanka shiru da sanyin safiya, ƙyale ta, ka zuba wa allura ido. In ta haura sama fanka ba ta tashi ba, kashe inji, a duba fis da na'urar da ke jin zafin ruwa, kada a ja maka dairek. Kai kuma mai sifana, ranar da mutum ya kawo maka lafiyayyar mota, buɗe baki ka ce masa lafiyarta ƙalau. Ka faɗa tun motar tana nan. Ni ma na faɗa, amma a bakin gona.