Ƙaron Turare a Cikin Inji

Injin wanke kwanukan na gwanjo ne. Maigidana ya ɗauko shi daga Kano a bayan motar kaya, aka sauke shi a gidanmu da ke unguwar Umarari, 'yan'uwansa suna ta yi masa dariya wai ya sayo wa matarsa 'yar aiki mai cin wuta. Mutum ne da bai iya kalaman soyayya ba. Na daɗe ina jiran ranar da zai ce ni ce sanyin idaniyarsa, abin da na samu shi ne: "Na gaji da ganin hannunki cikin ruwan omo." Na adana maganar a raina, ina ɗauko ta duk sanda ya yi tafiya.

Ranar da zai dawo daga wata tafiyar injin ya ƙi aiki. Yana jan ruwa, yana gurnani, amma kwanuka su fito yadda suka shiga, da maiƙonsu. Na san halin mijina. Ba zai yi faɗa ba, zai ce a fitar da shi a yar, dariyar 'yan'uwansa ta tabbata, kuma ba zai ƙara bin zuciyarsa ya sayo mini komai ba.

Na kasa zama. Na leƙa tankin sama, ruwa cike. Na dawo na zare soket, na durƙusa, na tashi na duba miya, na sake durƙusawa. Duk Keke Napep da ya tsaya a layinmu sai na leƙa ƙofa. Da na murɗe rariyar da ke ƙasan injin, wani ƙamshi ya buge ni, na sandal da hawi, kayan haɗin turare. Sai na tuna jiya na dafa masa turaren wuta don tarbarsa, na jefa tukunyar a inji tare da kwanuka. Ƙaron turaren ya narke a ruwan zafi, ya kwashi ɓarɓashin itace ya liƙe ko'ina.

Na kira maƙwabciyata ta katanga, dattijuwar Babarbariya da ta koya mini haɗin turaren, na faɗa mata abin da ya faru.

"Tukunyar turare a inji?" Ta tafa hannu. "Ke 'yar Kano! Mu ko wanke ta ba ma yi, a kanta ake ɗora na gaba."

"Iya, ni yanzu yaya zan yi?"

"Ruwan zafi da lemon tsami. In ya ƙi, ki turara shi ya huce."

Na jiƙa rariyar, na goge ta da tsohon buroshi. Sai na lura da farfelar da ke watsa ruwa: ƙananan hujojinta duk sun toshe, sun yi baƙi. Na ɓalle ta, na zauna dirshan a ƙasa da allura ina tsokale su ɗaya bayan ɗaya, zufa tana shiga mini ido. Ban yi wanka ba, ban sauya zane ba.

A haka na ji sallamarsa. Ya tsaya a bakin kicin da jaka a kafaɗa, ya dube ni, ya dubi cikin injin a buɗe.

"Hajiya, yanka shi kika yi?"

"Toshewa ya yi. Ka je falo, yanzu zan gama."

Ya ajiye jakar, ya naɗe hannun riga, ya zauna kusa da ni har gwiwarsa tana taɓa tawa. Ya karɓi farfelar ya ɗaga ta wajen taga, yana kanne ido ɗaya.

"Nan ma akwai saura. Ba ni allurar, kin cika gaggawa."

Ya tsokale, ya hura, ni kuma ina zuba ruwan zafi har ya fara tsartuwa ta kowane huji. Muka mayar da komai, ya sa soket. Injin ya ja ruwa, ya yi jim, sannan muka ji feshin yana dukan ƙofa daga ciki, shaa, shaa. Na yunƙura zan kawo masa abinci, ya riƙe gefen zanena.

"Zauna tukuna," ya ce. "Bari mu ji ya gama."