Mai Bin Bayan Kowa

Tela ne. Shagonsa ɗan ƙarami a ƙasan bene, keke ɗaya, madubi mai tsaga, da tarin ƙyallayen da ba ya yarda a zubar. Amma a kulob ɗin masu gudu ba mai ce masa tela. Tsintsiya suke kiransa.

Ba don sha'awa ya fara gudu ba. Bayan rasuwar matarsa hawan jini ya kama shi, likita ya ce ko ya tashi daga kan keken nan ko a ɗauke shi daga kai. Ranar farko da ya je fili, da takalmin aro, shi ya zo na ƙarshe. Da ya iso ya tarar kowa ya watse, mai gadi na rufe ƙofa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shi ya sa da ƙafarsa ta yi ƙwari, har yana wuce samari, ya ɗora wa kansa wani aiki: duk gudun da za a yi, zai tsaya bayan wanda ya fi kowa nawa, da gorar ruwa a hannu da alewa a aljihu, ya raka shi har layin ƙarshe.

Abin ya zama al'adar kulob. Shugabansu, wani mai kantin magani mai son lasifika, ba ya tashi magana bai ce "Mu ba ma barin kowa a baya" ba. Har a bayan rigunansu aka rubuta, kuma telan ne ya ɗinka rigunan. Maganar gaskiya, mutum ɗaya ne ba ya barin kowa a baya. Sauran rigar kawai suke sawa.

Ana gab da babbar gasar shekara, rabin gudun fanfalaki, hannunsa na hagu ya soma yi masa nauyi. 'Yarsa, wadda ita kaɗai ta rage masa a gida, ta lura.

"Baba, ka bar musu bana," in ji ta. "Jiya ma almakashi ya suɓuce maka ina kallo."

"Ke dai da sa ido! Gajiya ce. Malama ce za ta fara bana, in ban bi ta ba wa zai bi ta?"

Malama wata mai koyarwa ce da ta shigo kulob da tsoro, ba ta taɓa yin doguwar tafiya irin wannan ba. Ranar gasa kuwa ta sha wuya. Ta yi kuka, ta zauna a bakin titi ta ce a kira mata mota. Tsintsiya ya miƙa mata alewa ya ce, "Tashi, ƙanwata. Turken lantarkin can kawai za mu kai." Daga wannan turke zuwa wancan ya yi ta janta har suka hau gada, inda ake jiyo kiɗan wurin ƙarshe.

A nan ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaguwa. Ya ji harshensa ya cika masa baki. Ya san in ya faɗa mata, za ta tsaya, wahalarta ta tashi a banza.

"Ci gaba," ya ce da ƙyar. "Igiyar takalmi."

Ta ci gaba. Ya jingina da ƙarfen gada, ya sulale ƙasa. Bai ji tsoro ba da farko. Ya san 'yan kulob za su ga Malama ta iso ita kaɗai, su tambaya.

Ba su tambaya ba. Sabo turken wawa. Shekara da shekaru, in na ƙarshe ya shigo to kowa ya shigo, Tsintsiya na nan baya yana tattara gorunan da aka yar, ba ya ma shiga hoto. Suka ɗaga Malama sama, aka rataya mata lambar yabo, suka wuce zauren da suka kama don walima. Shugaba ya karɓi lasifika ya yi dogon jawabi a kan haɗin kai, aka yi ta tafi.

Shi kuwa yana kwance yana kallon ma'aikata suna kwashe shingayen titi daga nesa. Motoci suka dawo. Kiɗa ya mutu. Duk takun da ya ji sai ya juya ido ya ga ko riga irin tasa ce. A lokacin tsoro ya kama shi, da wani baƙin ciki da ya fi tsoron. Wata mai sharar titi ce ta gane ba hutawa yake ba, ta tare mota aka kai shi asibiti.

Likita ya ce da an kawo shi da wuri da ƙafar da hannun sun dawo. Ba su dawo ba. Aka rufe keken ɗinki da zane.

Bayan an sallamo shi 'yan kulob suka zo gida, suka cika ɗakin, kowa na kallon ƙasa. Malama ta tsaya bakin ƙofa tana kuka. 'Yarsa ba ta kawo musu ko ruwa ba. Shugaba ya ajiye lamba a kan matashi, da hoton walima cikin gilashi, kowa na dariya a ciki.

"Ranka ya daɗe, aikinka ba zai mutu ba," ya ce. "Mun naɗa sabon Tsintsiya. Ga shi nan." Ya nuna wani dogon makanike, wanda ya rusuna.

Telan ya daɗe yana kallon makaniken. Bakinsa ya karkace, maganar ta fito a dagule, sai da 'yarsa ta sunkuya ta saurara.

"Me ya ce?" in ji shugaba.

Ta miƙe ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Cewa ya yi, shi kuma wa zai bi bayansa?"

Makaniken ya duƙar da kai yana kallon ƙafafunsa.