Da Kular Ƙasa Daga Anka Zuwa Gummi

Gusau

Ladan bai gama kiran assalatu ba na fito da kula a hannu. Inna ta rako ni bakin zaure da tocila, ruwan da aka kwana ana yi yana ta ɗiga daga indararo. Ba ta son tafiyar nan, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Ki riƙa kira, ko ba ki da abin faɗi."

A tasha direba ya ɗaga kular, ya ji nauyin ƙanƙarar da ke ciki.

"Hajiya, hura za a kai Anka?"

"Ƙasa zan ɗebo," na ce.

"Ƙasa? Ta Gusau ta ƙare?" Duk motar aka yi dariya, har da ni.

Karatun kimiyyar ƙasar noma nake yi, kuma wannan ne aikina na ƙarshe. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. In an zuba takin yuriya, wasu daga cikinsu kan yi gaggawar juya shi ya zama abin da ruwan sama ke wankewa kafin saiwa ta sha. Garin ƙwallon bedi, wanda wasu ke ce wa darbejiya, yana rage musu wannan gaggawa in an cuɗa shi da takin. Abin da nake so in sani shi ne, su kaɗai yake kwantarwa, ko har maƙwabtansu yake cutarwa? Tun farkon damina muka ware fegi uku-uku a gonaki uku: wanda ba taki, mai yuriya zalla, da mai yuriya da bedi. Aikina in ɗebo ƙasar kowanne a ledarsa daban, in kai ta ɗakin gwaji da danshinta da sanyinta. In ta bushe ko ta gauraya, sai kuma baɗi.

Anka

Mun tsaya a shingen sojoji ya fi a ƙirga. Kowane ɗaya sai an buɗe kular, ni kuwa ina kallon sanyinta yana fita kamar numfashi. Da hantsi muka shiga Anka.

Gonar Malam Ummaru tana bayan gari kaɗan. Ya nuna mini fegin ya koma kan nomansa. Ina durƙushe ina haƙa sai na ji inuwar mutum a kaina. Wata mata ce da itace a ka, ta daɗe tana kallon ledojina.

"Gubar ta, ta dawo?" ta tambaya a hankali.

Daga Bagega take. A garinsu, duk baƙon da aka gani yana ɗibar ƙasa a leda, gubar dalma yake aunawa. Ta ce ta binne 'ya'ya biyu a shekarun nan. Na ce mata a'a, ni abubuwa masu rai nake nema a ciki.

Ta gyara gammonta. "Ashe da sauran mai rai cikinta," ta ce, ta wuce.

A ɗakin wata malamar makaranta da ta tafi hutu aka sauke ni. Tuwon dawa da miyar kuka aka aiko mini, na ci ni kaɗai, kular tana jingine da bango kamar baƙuwar da ba ta jin Hausa.

Bukkuyum

Washegari ƙaramar mota ta ajiye ni a Bukkuyum, daga nan sai babur. Mai gonar, Malam Jabbi, ban same shi ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma cikin gari saboda halin da ake ciki a dajin. Masara ta tsaya ita kaɗai, ciyawa ta fara cin ta. Fegin bedi ya fi sauran duhun ganye, na tsaya ina kallonsa, ba wanda zan ce wa ya zo ya gani.

Mai babur ko inji bai kashe ba. "Malama, yi hamzari. Kuma in kin tahi, kada ki sake biyo hanyar ga bana. Ni dai ba ni kawo ki."

Na ƙulle ledojin, na rungume kular a cinya har muka fita titi.

Gummi

Bayan la'asar na isa gidan Gwaggo Hajo, yayar mahaifina. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai take zaune, 'ya'yanta duk sun watsu. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce na rame. Ta dafa shinkafa da kifin gulbi, ta zauna tana kallona har na cinye.

Ƙanƙarata ta narke, ledojin suna iyo a ruwa. Da sassafe na bar kular a ɗakinta, na tafi fadama in ɗebo ƙasar gonar shinkafa, in kuma nemi sabuwar ƙanƙara a kasuwa. Neman ya ja ni har azahar.

Da na shigo gida, ledojina na fara gani, an wanke su tas an jera a igiya. Sannan na ga tabarma a tsakar gida, rana tana dukan ta. Ƙasar Anka da ta Bukkuyum ce a kai, an haɗa, an marmashe, an baza kamar gero. Gwaggo tana gefe da tsumagiya tana korar kaji.

"Na iske ta jiƙe, ɗiyata," ta ce, fuskarta cike da fara'a. "In an bar ta haka hunhuna za ta yi. Har tsakuwa da saiwoyi na tsince miki."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Sannu da aiki, Gwaggo." Muryata ce ta tona ni.

Ta ajiye tsumagiyar. "Na yi ɓanna, ko?"

Na faɗa mata gaskiya, da sauƙin da zan iya. Ta dubi tabarmar.

"Mi ya hana ki hwaɗa min suna da rai? Da ruwa na ba su."

Ta tashi ta ɗauko buta, ta shiga yayyafawa da yatsunta. Ƙamshin ruwan farko ya tashi ya cika gidan. Na san wasu a ciki barci kawai suka yi, za su farka. Amma babu mai iya raba mini fegi da fegi kuma. Gwaggo ta ce baƙi ba a zubar da su a bola, ta kwashe ƙasar ta juye a gindin zogalenta.

Na kira malamina. Ya yi salati, ya ce gona ɗaya ba za ta ɗauki aikin ba, sai a sake a damina mai zuwa.

Komawa

Gwaggo ta dage sai ta raka ni tasha, ita ce ma ta ɗauki kular, ta hana kowa taɓawa. Sai da na zauna a mota ta leƙo ta taga.

"Ke nan baɗi kina dawowa?"

"Dole, Gwaggo."

Ta ja mayafi ta rufe baki, wai tana tari. Na ga murna a idanunta, kuma ban ga laifinta ba.

Ana kiran magariba na shiga gida da ledoji uku cikin tara. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ga Malam Ummaru, ga Malam Jabbi da ban gani ba, da direbobin da suka jure wa kulata. Ita kuwa Gwaggo, tun kafin in cire takalmi wayarta ta shigo, tana tambaya wane wata ake zuba taki.