Addu'ar da Na Yi wa Shugaban Ƙasa

A cocinmu na Kafanchan, kowace Lahadi akwai wanda ake ba addu'a domin shugabanni. A shekarar zaɓe kowa gudunta yake yi, domin da kunnen siyasa jama'a ke sauraro. In ka roƙa wa shugaban ƙasa lafiya, a ce ɗan jam'iyyarsa ne kai. In ka tsallake shi, a ce ka koma adawa.

Da layi ya zo kaina, mako guda ban samu sukuni ba. Ina koyarwa a aji, hankalina yana kan takardar da nake ta rubutawa ina sokewa. A lokacin shugaban yana ta zirga-zirga tsakanin ƙasashe maƙwabta, yana sasanta rikicinsu. Na ga a nan ne ba zan ɓata wa kowa rai ba. Na roƙa masa hikima a gaban shugabannin duniya, na roƙi jirginsa ya sauka lafiya. Kowane benci ya amsa da amin, na sauko ina jin na tsira.

A bakin ƙofa wata tsohuwa 'yar zumuntar mata ta riƙe min hannu. Wata uku ke nan tana zaune gidan ɗanta, tun da 'yan bindiga suka kore su daga ƙauye, cittarta tana can a gona ba mai tonowa.

Ta ce, "Malam, yau ka kai shi ƙasashe da yawa. In an sake ba ka, ka roƙa masa hanyar ƙauyenmu. Ba sai da jirgi ba, mashin ma yana shiga."